Wa Ya Ke Da Ikon Cin Tara?

Cikin makon jiya wasiƙa ta zo mana daga ƙasar Ingila, daga wani tsohon almajirinmu wanda ya yi shekara uku a hannunmu a kwalejin horon malamai, yanzu kuwa yana can yana ƙaro ilmi. Bayan gaisuwa da tambayar mutanen gida, sai ya shigo da abin da ya dame shi. Ya sayi 'yar tsohuwar mota don zuwa makaranta da kai iyali unguwa. Ran wata Asabar ya tafi cefane, ya ajiye motar a wani fili da ke bayan kantuna, ya je wurin na'urar biyan kuɗi, ya buga lambar motarsa, ya biya kuɗin awa biyu, ya karɓi rasit, ya gama abin da ya kai shi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, ya koma gida. Bayan kwana goma sai ga ambulan. A ciki akwai hoton motarsa tana shiga filin, da hotonta tana fita, da lokacin kowanne, da kuma umurni ya biya fam 100, amma in ya hanzarta cikin kwana 14 za a karɓi fam 60. Da ya lalubo rasit ɗin daga aljihun kwat ya duba, sai ya ga ashe wurin buga lambar ya sa sifiri inda ya kamata ya sa harafin O. Iyakar laifinsa ke nan.

Ya ce da ya yi shawara da 'yan'uwansa ɗalibai sai suka rabu biyu. Waɗansu suka ce ya biya fam 60 ɗin tun da wuri ya huta, baƙo ba shi ja da hukuma a garin mutane, kada abin ya je ya taɓa takardunsa na zama. Waɗansu kuwa suka yi dariya, suka ce ya yayyaga takardar ya zuba a kwandon shara, ba abin da za a iya yi masa. Shi ne ya ke tambayarmu wace shawara zai bi. Mun ga ya kamata mu amsa masa a nan a bainar jama'a, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu da su ke zuwa waccan ƙasa karatu da aiki sun yi yawa, kuma maganar ta fi ƙarfin fam 60. Amsarmu ita ce kada ya bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu.

Da fari dai a san wanda ya aiko da takardar. A Ingila wuraren ajiye motoci iri biyu ne. Akwai gefen titi da filayen hukumar gari, inda doka ta ba hukuma ikon cin tara. Wannan tara ce ta sosai, tana da nata hanyoyin ƙara da nata masu yanke hukunci. Akwai kuma filin da ke hannun mai zaman kansa, irin na manyan kantuna, da gidajen abinci, da gidajen haya, da asibitoci da yawa. Mai irin wannan fili ya kan ɗauko wani kamfani ya danƙa masa tsaronsa, kamfanin ya kakkafa alluna da kyamarori masu karanta lambar mota. To, wannan kamfani ɗan kasuwa ne kamar mai sayar da atamfa. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kurkuku, doka ba ta ba shi ikon cin kowa tara ba, kuma ƙin biyansa ba laifi ne da a ke kama mutum a kansa ba. Amma ya san yadda ido ya ke tsoron takardar hukuma, saboda haka wadda ya ke maƙalawa a gilashin mota ta kan zo cikin 'yar jakar leda mai rawaya da baƙi, kamar ta hukumar gari. Har sunan ma, in an taƙaita shi, haruffa uku ɗin nan ne su ke fitowa, watau PCN, daidai da na hukuma. Mu da mu ke koya wa yara bambancin kalmomi masu kama da juna, da wuya mu yarda cewa katari kawai aka yi.

A idon shari'ar Ingila abin da ke tsakanin direba da irin wannan kamfani ciniki ne. Allon da aka kafa a bakin fili shi ne tayi, shigar da mutum ya yi ya ajiye mota ya tafi kuwa ita ce sallamawa. In allon ya ce awa biyu kyauta ne, wanda ya zarce zai biya kaza, to wanda ya zarce ya saɓa alkawari, kamfani kuwa sai ya yi da'awar bashi a kansa. Da'awa ce, mai da'awa kuwa shi ke kawo shaida. Kowane akawun kotu ya san nisan da ke tsakanin takardar mai ƙara da hukuncin alƙali.

Kada kuwa wani ya ji haka ya ce ashe takardar banza ce. An daɗe ana faɗin haka a Ingila, har wani mutum ya gwada, kowa ya ga inda aka kwana. Sunansa Barry Beavis, mai shagon soya kifi da dankali ne. Ran 15 ga Afrilu 2013 ya ajiye motarsa a filin waɗansu kantuna a garin Chelmsford, cikin lardin Essex. Akwai alluna wajen ashirin a filin, duka suna cewa awa biyu kyauta, wanda ya zarce zai biya fam 85. Ya yi awa biyu da minti 56. Kamfanin da ke tsaron filin, mai suna ParkingEye, ya aiko masa da takarda, ya ƙi biya, aka tafi kotu. Hujjarsa ba ta wasa ba ce. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida a shari'arsu, wadda aka fi sani da shari'ar kamfanin taya na Dunlop ta 1915, mai cewa kuɗin da aka yanka wa wanda ya saɓa alkawari lalle ya zama kimanin hasarar da zai jawo; in kuwa an yanka shi ne don a tsorata mutum, kotu ba ta tilasta biyansa. Beavis ya ce a nuna masa hasarar da minti 56 ya jawo a filin da ba a biyan ko kwabo. Kamfanin kansa bai yi gardamar cewa fam 85 ɗin kimanin wata hasara ne ba.

Duk da haka ya faɗi a ƙaramar kotu, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, ya kuma faɗi a Kotun Ƙoli ran 4 ga Nuwamba 2015, gaban alƙalai bakwai. Abin da suka ce shi ne, ba hasara kaɗai a ke dubawa ba. A duba ko mai filin yana da halattacciyar bukata da ya ke karewa, sa'an nan a duba ko kuɗin ya wuce hankali in an gwada shi da wannan bukata. Suka ga masu kantuna suna bukatar motoci su riƙa shiga suna fita don masu saye su sami wuri, kada masu zuwa tashar jirgin ƙasa su cika filin tun safe har dare. Suka ga allunan manya ne, kowa na iya karantawa. Suka ga fam 85 bai yi nisa da tarar hukumomin gari ba. Alƙali ɗaya ne ya ware, Lord Toulson, shi ma a kan dokar kare masu saye daga sharuɗɗan zalunci. Ya tuna wa abokan aikinsa cewa fam 85 kuɗi ne mai nauyi ga yawancin mutane, tun da ya ke fanshon tsoho na Gwamnati a lokacin fam 115 ne a mako, kuma sharaɗin bai yi wa kowa rangwame ba, ko wanda ya makara da minti kaɗan ko wanda wani uzuri ya tsare. Shida suka rinjayi ɗaya. Tun daga ran nan maganar cewa irin wannan takarda ba ta da ƙarfi a kotu ta mutu, wanda kuma ya ke ba wa ɗan'uwansa wannan shawara a yau yana tura shi rami ne da kyakkyawar niyya.

Mu ba mu ja da haƙƙin mai fili. Wanda ya kashe kuɗinsa ya shimfiɗa kwalta don masu sayen kayansa, sa'an nan ya wayi gari waɗansu sun mai da wurin garejinsu, lalle an cuce shi, kuma dole ya sami abin da zai kare kansa da shi. Inda mu ke da magana shi ne wani abu da ya fito a cikin shari'ar nan wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Ba mai filin ba ne ya ke biyan kamfanin ladan tsaro. Kamfanin ne ya ke biyan mai filin kuɗi don a bar shi ya yi tsaron, abin da ya ke samu kuwa duk daga waɗanda suka zarce lokaci ya ke fitowa. Watau in kowa ya kiyaye doka, kamfanin ya kwana da yunwa. Malamai, ku auna wannan da makarantarku. In aka ce albashin mai buga ƙararrawa zai fito ne daga yawan yaran da suka makara, wa zai yarda da agogonsa? Ba sai ya zama mugu ba; ko mutumin kirki ne, hannunsa zai riƙa saurin kai wa ƙararrawa. Irin wannan tsari shi ya ke haifar da allo mai ƙananan haruffa a bayan bishiya, da na'urar da ta ke karɓar lambar da ba ta dace da kowace mota da ke cikin filin ba, ta ci kuɗin ta yi shiru.

Da can abin ya fi haka muni. Masu tsaron fili su kan sa wa tayar mota mari na ƙarfe, su tsaya a kai sai an biya su abin da suka yanka. A Sikotlan tun 1992 kotu ta ce yin haka a filin mai zaman kansa ƙwace ne. A Ingila da Wales sai ran 1 ga Oktoba 2012 wata doka ta Majalisa ta mai da shi laifi. Amma dokar nan da hannu biyu ta zo. Ta ƙwace marin, ta kuma ba kamfanoni wani abu a madadinsa: in ba su san wanda ya tuƙa motar ba, suna iya bin wanda aka yi rajistarta da sunansa, muddin sun cika waɗansu sharuɗɗa. Suna da adireshin kuwa a hannun Gwamnati su ke samunsu, a ofishin rajistar motoci da a ke kira DVLA, wanda ke garin Swansea, a kan fam biyu da rabi kowane suna. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 sunayen da kamfanonin nan suka nema sun zarce miliyan 12. Ku ba 'yan aji shida wannan lissafi: miliyan 12 sau fam biyu da rabi, fam miliyan 30 ke nan, in kuwa aka raba miliyan 12 da kwanakin shekara, za a sami fiye da takarda 30,000 kowace rana ta Allah. Ofishin ya kan ce kuɗin ɗawainiyar aikin ne kawai, ba riba ba. Ko da haka ne, hukumar da ta buɗe littafinta ta ba ɗan kasuwa sunan talaka da ƙofar gidansa, ta ɗauki nauyin ta tabbata ba a zalunce shi da abin da ta bayar ba.

To, mene ne abin yi ga wanda takarda ta zo masa? Aikin akawu ne tsantsa, shi ya sa mu ke ganin masu karatunmu sun fi kowa iya shi. Kafin kome a duba kwanan wata. In kyamara ce ta kama motar, ba a maƙala kome a gilashi ba, dokar 2012 ta ce lalle takardar ta isa ga mai motar cikin kwana 14 daga ranar da abin ya faru. In ta makara, kamfanin ya rasa ikon bin mai rajista a ƙarƙashin wannan doka, sai dai ya nemi direban, mai rajista kuwa ba a tilasta masa ya faɗi wanda ya tuƙa. Ba mu ce kowa ya yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Mun ce kada mutum ya yi wa mai ƙararsa aikin da doka ta ɗora wa shi mai ƙarar. Saboda haka ko ambulan ɗin ma kada a yar.

Sa'an nan a koma filin a ɗauki hoton allunan, daga inda direba zai gan su, kuma a irin lokacin da aka shiga. Allon da ya ke fes da rana yana iya ɓacewa da magariba in ba fitila. Wannan ita ce jijiyar maganar, domin ciniki ba shi ƙulluwa a kan sharaɗin da ba a nuna ba. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta ba wata mata gaskiya a gabashin Landan, wadda ciwo ya kama ta a hanya bayan ta fito daga asibiti, ta ratse ta tsaya a wani fili, wata babbar mota ta kare mata allon, aka sa wa motarta mari. Kotu ta ce wanda bai ga gargaɗi ba, ba a cewa ya yarda da shi. Beavis ma abin da ya kā da shi shi ne allunansa a bayyane su ke. Inda allo ya ɓuya, ko ya koɗe, ko aka binne adadin kuɗin cikin ƙananan haruffa, shari'arsa ba ta taimaki kamfani ba.

Akwai kuma ƙa'idodin da kamfanonin suka rubuta wa kansu, waɗanda suka fara aiki ran 1 ga Oktoba 2024. A ciki akwai rangwamen minti goma bayan ƙarewar lokacin da aka biya, a yawancin filaye. Akwai sassauci ga wanda motarsa ta lalace, da wanda ciwo ya kama, in ya kawo shaida. Akwai kuma maganar almajirinmu: ƙaramin kuskure wurin buga lamba, irin sifiri a madadin O, in mutum ya nuna ya biya, soke takardar a ke yi, in kuskuren babba ne, kamar wanda ya buga lambar motar matarsa, ba a karɓar fiye da fam 20. Kamfani ba zai rubuto ya tuna maka da wannan ba. Kai za ka tuna masa.

Wasiƙar ƙin yarda ana aika ta ga kamfanin cikin kwana 28, amma mai hankali ya aika kafin kwana 14 na farko su cika, domin yawanci in an ƙi uzurinsa a kan sake ba shi damar biyan ragaggen kuɗin. Kada a biya sa'an nan a yi gardama. Yawanci biya shi ke rufe maganar. Kada kuma a yi ta wayar tarho, don magana ba ta shiga fayil. Wasiƙar ta zama irin wadda mu ke koyarwa a darasin rubutun wasiƙa: lambar takarda a sama, abin da ya faru cikin layi huɗu ko biyar, hujja, hoton rasit, abin da a ke nema. Ban da zagi, ban da roƙo, ban da tarihin talaucin gida. Mun sha gani a jarrabawa, yaron da ya cika shafi uku da kuka ya kan manta bai amsa tambayar ba. A ajiye kwafin kome.

In kamfanin ya ƙi, akwai mataki na gaba, kyauta ne ga mai mota. Kamfanonin suna cikin ƙungiya biyu, kowacce da wurin ɗaukaka ƙararta. 'Yan ƙungiyar BPA ana kai su wani ofishi mai suna POPLA, wanda aka kafa a 2012, cikin kwana 28; 'yan ƙungiyar IPC kuwa ana kai su IAS. In mai mota ya ci, hukuncin ya ɗaure kamfanin. In ya faɗi, ragin ya kan wuce shi, sai cikakken kuɗin, amma har yanzu yana da ikon ya jira a kai shi gaban alƙali na sosai. A je, domin mutane da yawa sun sami gaskiyarsu a can, kuma kamfanoni su kan janye tun kafin a duba ƙarar in sun ga mutum ya zo da shiri. Amma a sani cewa kuɗin tafiyar da ofisoshin nan daga aljihun kamfanonin ya ke fitowa, kuma kamfani ne ya ke zaɓen ƙungiyar da zai shiga, watau shi ya ke zaɓen inda za a kai ƙararsa. Ba mu tuhumi ma'aikatan wuraren nan da cin hanci ba. Mun ce dai ko alƙali waliyyi ne, in mai ƙara ne ya ke ciyar da dokinsa, wanda aka yi ƙara ba zai kwana da natsuwa ba.

Yanzu ga masu shawarar kwandon shara. Wanda ya yi shiru, wasiƙu za su yi ta zuwa daga masu bin bashi, da jan tawada da manyan kalmomi, an ƙara har fam 70 a kan fam 100 ɗin. Waɗannan ba su da ikon shiga gidan kowa ko ɗaukar kayansa. Baki ne kawai. Amma kamfanin yana da shekara shida da zai iya kai ƙara a cikinsu, kuma waɗansu suna kaiwa, dubbai a lokaci guda. Kafin ƙara a kan aiko da takardar gargaɗi mai ba da kwana 30, bayanta sai sammacin kotu, wanda a ke bukatar amsarsa cikin kwana 14. Nan ne shiru ya ke zama magana. Wanda bai amsa ba, a yanke masa hukunci a bayan idonsa ba tare da wani alƙali ya dubi hujjarsa ba, in kuma bai biya cikin wata guda ba sunansa ya shiga littafin masu taurin bashi har shekara shida. Mai suna a littafin nan ya kan sha wuya wurin neman rance, da hayar gida, har da sayen wayar hannu a kan biya kaɗan kaɗan. Ɗalibanmu sun fi kowa shiga wannan hatsari, domin su kan sauya ɗaki kusan kowace shekara su manta ba su sanar da ofishin rajista ba. Wasiƙun duka su tafi tsohon gida, mutum bai san ana shari'a da shi ba sai ran da banki ya juya masa baya.

Majalisar Ingila ta san duk wannan. A 2019 ta yi doka, wadda Sir Greg Knight ya kawo, mai umurtar Gwamnati ta rubuta ƙa'ida guda da za ta ɗaure kamfanonin duka. A watan Fabrairu na 2022 aka fito da ƙa'idar, ta rage yawancin kuɗin zuwa fam 50, ta hana ƙarin kuɗin masu bin bashi. Waɗansu kamfanoni suka garzaya kotu, a watan Yuni na shekarar Gwamnati ta janye ta. Wata huɗu ta yi a duniya. Cikin wannan giɓi ne kamfanonin suka rubuta tasu, wadda ta bar fam 100 a inda ya ke. Ko ita ma sai da aka yi abin kunya kafin a gyara wani sashenta: a 2024 labari ya bazu na wata mata a garin Derby wadda aka nemi fam 1,906 a hannunta, alhali kuwa kullum tana biyan kuɗin ajiye motarta cif, laifinta kawai ta kan wuce minti biyar kafin biyan ya shiga saboda rashin ƙarfin waya a wurin. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya janye ƙarar, a watan Fabrairu na 2025 kuma aka sauke sharaɗin minti biyar ɗin a filayen da kyamara ke tsaro. A watan Yuli na 2025, shekara shida bayan dokar, Gwamnati ta sake buɗe neman shawarar jama'a a kan ƙa'idarta. A ganinmu abu biyu ne ba su jiran wata shawara: wurin ɗaukaka ƙara guda ɗaya wanda ba kamfani ke zaɓensa ba, da kuma rufe littafin DVLA ga duk kamfanin da aka kama yana aika takardun da ya san ba su da tushe.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A manyan garuruwanmu, irin su Kano da Kaduna da Abuja, an riga an saba da kantuna da ma'aikatu masu shingen filin mota, da tikiti a ƙofa, da allo mai cewa wanda ya ɓatar da tikiti zai biya kaza. Ba laifi mai wuri ya karɓi kuɗin ajiya. Amma ran da mai gadi ya sace iskar taya, ko ya kwance lambar mota, ko ya rufe ƙofa ya ce ba fita sai an biya abin da ya yanka a take, to ya zama mai ƙara da alƙali da dogari a jiki ɗaya, wanda shi ne abin da Ingila ta hana a 2012 bayan ta daɗe tana shan wuyarsa. Muna roƙon hukumomin garuruwanmu su tsara wannan al'amari tun yana ƙarami: kuɗin ya kasance a rubuce a ƙofa da Hausa da Turanci, da haruffan da a ke gani daga cikin mota; kowane biya da rasit; wanda bai yarda ba kuwa a gaya masa ofishin da zai kai kukansa, ofishin da ba na mai filin ba.

Almajirinmu dai mun ba shi amsa tun kafin wannan ta fito, don kwanakinsa suna tafiya. Ya rubuta wasiƙarsa cikin layi tara, ya haɗa da hoton rasit mai sifirin nan, ya ambaci ƙa'idar ƙaramin kuskure, ya nemi a soke takardar, ya ajiye kwafi. Da muka tambaye shi adireshin da ke kan ambulan, sai ya ce ai na tsohon masaukinsa ne, ya tashi daga can wata uku da suka wuce, tsohuwar da ke da gidan ce ta tako da ƙafarta ta kawo masa. Mun ce ya gyara rajistar motar a ran nan kafin ya kwanta, sa'an nan ya saya wa tsohuwar nan ganyen shayi ya kai mata.